Golan Da Ya Ƙi Sa Hannu

Ranar da aka kawo sabon gola gwajin lafiya, sai da ya sunkuyar da kai kafin ya iya shiga ɗakin likita. Auta tana jera bandeji a kabad, ta juyo ta dube shi tun daga takalmi har sama, wuyanta ya kusa ƙagewa.

"Sannu da zuwa," ta ce. "Kai ne ɗan wasan da aka sayo, ko turken fitilar da aka ce za a kafa a fili?"

Ya yi dariyar mai jin kunya. "Ni ne, Likita. Dogo ake ce mini."

"Ai ko ba ka faɗa ba."

Auta ce ke kula da ciwon 'yan wasan ƙungiyar. Targaɗe, tsagewar tsoka, gwiwar da ta kumbura, duk a kan gadonta mai baƙar leda suke ƙarewa. Ita ce kuma 'yar autar Koci, dattijon da ya shekara shida yana riƙe da ƙungiyar. A gida Abba take ce masa, a fili kuwa Koci, kamar kowa.

Ta auna numfashin Dogo, ta lanƙwasa gwiwoyinsa, ta sa shi tsalle da ƙafa ɗaya. Komai lafiya lau. Da ta ce ya kawo hannu, sai ya miƙo na dama, na hagun yana bayansa.

"Gola mai hannu ɗaya muka saya?"

Ya miƙo a hankali. Tana danna wuyan hannun ya runtse ido, ya cije leɓe.

"Likita, ki rufa mini asiri," ya ce ƙasa-ƙasa. "Shekara huɗu ina ƙaramar ƙungiya ina jiran wannan rana. In kika rubuta, mayar da ni za su yi."

"Ba na rubuta ƙarya," in ji ta. "Amma gaskiyar zan rubuta dukanta. Sati uku, in ka bi abin da na ce, zai warke sarai."

Da takardar ta isa gaban Koci, shugabanni suka ce a fasa cinikin. Koci ya cire tabarau ya ce, "Na ga yaron nan ya tare ƙwallo goma sha ɗaya a wasa guda, a filin da ko ciyawa babu. Zan jira shi."

Haka aka yi. Kullum ƙarfe bakwai na safe Dogo yana bakin ɗakin likita. A sa masa ƙanƙara, a ba shi 'yar ƙwallon roba ya yi ta matsawa, Auta tana ƙirga masa. Tsakanin ƙirga da ƙirga hira ke shigowa. Ya ba ta labarin Innarsa, wadda ba ta taɓa kallon wasansa ba, ko a rediyo in ta ji an ce fenariti sai ta kashe ta koma kan keken ɗinkinta. Auta ta yi dariya har ta manta inda ta tsaya a ƙirgar, aka sake daga farko.

Wasansa na farko bai yi daɗi ba. Ƙwallo uku suka shige shi, magoya baya suka raka shi da ihun "Rariya! Rariya!" har ƙofar ɗakin canza kaya. Da yamma wayar Auta ta yi ƙara.

"Likita, kin ji sunan da suka laƙaba mini?"

Ta mayar masa: "Na ji. Biyu laifin 'yan baya ne, ɗaya naka. Ka sa ƙanƙara a hannun, ka bar karanta surutun mutane. Gobe ƙarfe bakwai."

"To ke wane suna za ki sa mini?"

"Majinyaci."

Daga wannan rana sai da aka yi wasa shida ƙwallo ba ta taɓa ragarsa ba. Kallon Dogo a tsakanin turaku abin sha'awa ne. Ba ya hayaniya, ba ya faɗuwar burga. Sai ka ga an ɗirko ƙwallo kamar za ta fasa raga, shi kuwa ya riga ya isa wurin yana jiranta. Bakunan da suka ce Rariya su suka koma cewa Katanga, ƙungiya ta hau ta uku a teburi.

Hannu ya warke, amma majinyaci bai daina zuwa ba. Yau kafaɗa, gobe idon sawu.

"Yau kuma ina ne?" Auta ta tambaye shi wata safiya, tana ɓoye murmushi.

Ya dafa ƙirjinsa. "Nan ne. Tun ranar da kika kira ni turken fitila."

"Wannan ba sashena ba ne. Sai babban asibiti."

"Na je. Sun ce maganin yana wurinki." Ya daina wasa, ya dube ta sosai. "Aurenki nake so, Sanyina. Ban iya dogon zance ba, tsawon duk a jiki ya tsaya."

Auta ta sunkuyar da kai tana naɗe bandejin da yake a naɗe. Can ta ce, "Ka san gidanmu. Ka kuma san mai gidan."

Dogo ya turo kawunsa. Abba ya karɓe shi da mutunci, aka sha shayi, aka yi sallama, amma amsar a'a ce. Bayan baƙo ya tafi ya kira Auta falo, Umma tana gefe.

"Yaron kirki ne, ban da abin faɗa a kansa," in ji Abba. "Amma ɗan ƙwallo tsuntsu ne, ba shi da reshe ɗaya. Yau nan, gobe an sayar da shi can. Tambayi Ummanki gari nawa na ja ta. Ke kanki sai da kika kwana tara a duniya na gan ki, ina can muna wasan waje. Ga Sakatare nan, mutum mai ofis da kujera, ya yi mini magana tun bara. Ki yi tunani."

Sakataren ƙungiyar mutum ne mai guga da turare, kullum da murmushi a bakinsa, Auta kuwa ba ta taɓa jin murmushin ya shige ta ba. Ba ta yi wa Abba musu ba. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta, sannan ta rubuta wa Dogo: "Abba ya ƙi. Kada ka ji haushinsa, Katangata."

Ya amsa: "Haushin Koci? Mutumin da ya jira ni? Ni ma zan jira shi. Ki share hawayenki, na san kina yi."

A fili babu abin da ya canza. Koci bai taɓa cire Dogo daga raga ba, Dogo kuma bai taɓa ɗaure masa fuska ba.

Da aka buɗe kasuwar 'yan wasa a tsakiyar kaka, shugabanni suka sayar da mai cin ƙwallon ƙungiyar da babban ɗan bayanta a sati ɗaya, ko shawara ba su yi da Koci ba. Sai ƙungiya ta zama kamar mota an cire mata taya biyu. Aka ci su wasa biyar a jere. Dogo yana tare bakwai, ta takwas ta shiga. Rannan aka wayi gari da labarin cewa 'yan wasa sun rubuta takarda sun ce ba sa son Koci, kafin azahar an sallame shi.

Ya dawo gida da kwali ɗaya: usur, littafinsa na tsare-tsare, da tsohuwar hular rana. Ya ajiye a bayan ƙofa ya ce wa Umma, "To, yau kin samu mai taya ki hira." Umma ta yi dariya, amma da ta juya sai ta share ido da gefen mayafi.

Washegari Sakatare ya leƙo ɗakin likita, fuskarsa cike da jimami.

"Ban so in nuna miki ba," ya ce, "amma gara ki san da wa kike tare."

Ya miƙo mata waya. Hoton takardar ne, sunaye a jere, na Dogo shi ne na uku.

Nan take Auta ta rubuta wa Dogo: "Abba ya jira ka sati uku lokacin da kowa ya ce a mayar da kai. Kai ko wasa biyar ba ka iya jiransa ba. Kada ka sake kirana."

"Sanyina, wallahi ban sa hannu ba. Ki ba ni minti biyar kawai."

Ba ta ba shi ba. Da ya tare ta a bakin fili ta ce, "Da idona na ga sunanka," ta wuce. Dogo ya tsaya da safar hannu a rataye a wuya, ba shi da shaidar da zai nuna, don takardar tana kulle a ofis.

Sabon kocin da aka kawo mutum ne mai yawan magana da allon zane. Wasansa na farko ya ajiye Dogo a benci, aka ci gaba da haka. Dogo bai fasa aikinsa ba. Shi ke fara zuwa atisaye, shi ke ɗaure wa ƙaramin golan da aka sa a madadinsa safar hannu, yana gaya masa ɓangaren da kowane ɗan gaba ya fi so. Auta tana gani, zuciyarta tana cewa wannan ba halin maci amana ba ne, sai ta tuna hoton ta kau da kai.

Sati bakwai ana haka. Wata rana Kyaftin, babban 'yan wasan, yana kwance a gadonta tana murza masa cinya, ya yi tsaki.

"Ƙanwata, mun yi wauta. Yanzu ga mu na uku daga ƙasa. Da mun bi ta Dogo da ba haka ba."

Hannunta ya tsaya. "Ta Dogo kamar yaya, Yaya?"

"Au, ba ki sani ba? Sakatare ya bugo sunayenmu duka ya kawo ɗakin canza kaya, ya ce shugabanni ne suka ce kowa ya sa hannu. Muka yi ta sawa kamar tumaki, har da ni, Allah ya yafe mini. Da aka zo kan Dogo ya ɗaga hannunsa na hagu ya ce, wannan hannun ne Koci ya jira ya warke, ba zan sa shi a takardar korarsa ba, na daman ma ɗan'uwansa ne. Sakatare ya ce to zai ɗanɗana benci. Ga shi kuwa yana ɗanɗanawa."

Ya laluba wayarsa ya nuna mata hoton takardar cikakkiya. Gaban kowane suna akwai sa hannu. Gaban na uku fari fat. Wanda aka nuna mata an yanke wannan gefen ne.

Auta ta bar Kyaftin da man zafi a cinya ta fita da gudu. Kowa ya watse, sai Dogo shi kaɗai a bayan fili, yana buga ƙwallo a bango tana dawowa yana cafewa.

"Dogo."

Ya juyo, ƙwallon ta dawo ta buge shi a kafaɗa.

"Na ga takardar," ta ce, hawaye suna zuba. "Dukanta. Ka yafe mini. Minti biyar ka roƙa na hana ka."

Ya cire safar hannu, ya tsaya yana jujjuya ta. "Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Bencin bai dame ni kamar shirunki ba. Amma na ce wadda ta ƙi rubuta ƙarya domina ranar farko, duk ranar da ta ga gaskiya za ta zo da ƙafarta."

"Ga ni na zo."

"To bar kukan haka, Sanyina, kada a ce turken fitila ya faɗo miki."

Ta yi dariya cikin hawaye.

Da ta nuna wa Abba hoton, ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. "Sati nawa yana benci?"

"Bakwai, Abba."

"Gola irin wannan? Kai, an yi asara." Ya mayar mata da wayar. Da Sakatare ya zo gaisuwa ranar hutu, a bakin ƙofa Abba ya tare shi ya ce, "Na ga takardar har gefen da ka yanke. Ka gaida gida." Daga ranar ba a sake jin turarensa a layin ba.

Sabon koci bai kai ƙarshen kaka ba. Wasa tara, maki huɗu, aka sallame shi da allonsa, aka ba mataimaki riƙon ƙwarya. Abin da ya fara yi shi ne mayar da Dogo raga. Saura wasa uku. Suka ci na farko, suka yi canjaras a na biyu. Na ƙarshe da ƙungiyar da ke saman teburi ne, kuma in aka ci su sun faɗa ƙaramin rukuni.

Ranar fili ya cika maƙil. Auta tana bakin layi da jakar magani a kafaɗa, bakinta bai huta da addu'a ba. Baƙin suka taso kamar ruwan sama. Dogo ya ture ɗaya ta saman turke, ya kwanta ya cafe wata a ƙafar ɗan gaba, ya doke ta uku da dunƙulen hannu. Aka tafi hutu babu ci, aka dawo babu ci.

Can cikin 'yan kallo, a kujerun masu ƙaramin tikiti, wani dattijo mai baƙin tabarau ya kasa zama. "Lamba biyar, koma baya! Rufe masa hagu!" yake ta faɗa da wata murya da duk filin ya sani. Na kusa da shi suka juyo. "Kai, Koci ne!" Kafin ka ce me, ɓangaren nan duka ya ɗauki tafi.

Saura minti biyu alƙalin wasa ya busa, ya ba baƙin fenariti.

Filin ya yi tsit. Auta ta rufe ido, ta sake buɗewa, ta ga ba za ta iya ko ɗaya ba. Ɗan wasan ya taho a guje, Dogo ya faɗi dama, ƙwallo ta bi tsakiya. Mutane har sun dafe kai. Sai ga doguwar ƙafar nan da ya bari a baya ta ɗago, ƙwallo ta bugi tsinin takalmin ta yi sama ta faɗa bayan raga.

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa. Da aka tashi wasa 'yan wasa suka yi yunƙurin ɗaga Dogo, tsawonsa ya gagare su, suka zube gaba ɗaya a ciyawa suna dariya. Kyaftin ya haura wurin 'yan kallo ya durƙusa gaban Koci, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Dattijon ya ɗaga su yana cewa, "Ku tashi, ku tashi, ya wuce. Amma lamba biyar, har yanzu ba ka iya komawa baya ba."

Bayan sati biyu wata babbar ƙungiya daga gari mai nisa ta aiko tana son Dogo, kwantiragin shekara uku. Bai sa hannu ba. Ya ɗauki takardun ya zo gidan Koci da kansa, ya zauna a ƙasa kan darduma, gwiwoyinsa sun kusa kai masa kunne.

"Ranka ya daɗe, abin da ka faɗa ne ya faru, ga shi za a sayar da ni. In ka ce in zauna don a ba ni Auta, wallahi yau zan mayar musu da takardunsu."

Abba ya karanta shafi-shafi, ya ajiye. "In ka ƙi wannan, ni da kaina zan zane ka. Irin wannan dama ba ta sallama sau biyu." Ya miƙa masa takardun. "Sai dai ita Auta..."

"Abban yara," Umma ta katse shi daga bakin ƙofa, "kullum sai ka ce ka ja ni gari-gari. Wa ya ce maka jana aka yi? Da ƙafata na bi ka gari bakwai, kuma da za a sake, zan sake bi. Wahalar hanya ba ta kashe mace in mijin na kirki ne. Ka tambayi yarinyar mana."

Aka kira Auta. Ta durƙusa kusa da Umma, kanta a ƙasa.

"Aikinki fa?" in ji Abba.

"Abba, ai babu garin da ba a targaɗe."

Abba ya yi dariya har da tari. Sannan ya juya ga Dogo, muryarsa ta sauka. "Na hana ka 'yata, ka tashi ka tsaya mini a inda waɗanda na horar suka zauna. Ban san abin da uba zai nema ya wuce wannan ba. Ka gaya wa kawunka ya dawo. Kuma daga yau ka bar ce mini Koci a gidan nan."

"To, Abba," in ji Dogo.

Aka ɗaura aure kafin a koma atisayen sabuwar kaka. 'Yan wasa suka zo kwansu da kwarkwatarsu, magoya baya suka cika layi har motoci suka rasa hanya. Innar Dogo ta rungume Auta ta ƙi saki, tana cewa, "Ke ce mai gyara mini shi? To ga shi nan, na bar miki, Allah ya ba ki haƙurin ɗinka masa wando."

Da safen ɗaurin auren saƙo ya shigo wayar amarya: "Sanyina, na tsaya gaban mutum dubu talatin ban ji tsoro ba, yau ga shi ƙafata tana rawa."

Ta amsa: "Ka tsaya da kyau, Katangata. Daga yau gida biyu za ka tsare."

Ranar tafiya, bayan an gama loda akwatuna, Abba ya dafa kan Auta, ya miƙa hannu zai dafa na Dogo bai kai ba, sai da angon ya durƙusa. Kowa ya yi dariya, har Umma da ke kuka.

"Allah ya yi muku albarka," in ji Abba. "Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa duk garin da kuka sauka ya zame muku gida."

Aka amsa da amin, mota ta tashi, Auta tana ɗaga musu hannu har suka sha kwana.